Zan iya wanke bangon gidana da injin wankin mota?

Wani ɗan'uwa daga nan cikin Damagaram ya aiko mini da tambaya. Ya ce gidansu na gado ne. Zaure da bangon gaba an sake su da bulo an yi musu fenti, amma katangar baya da ɗakuna biyu na cikin gida tubali ne da aka lulluɓe da siminti tun zamanin mahaifinsu. Bikin ƙanwarsa ya matso, ƙura ta dusashe gidan gaba ɗaya, kuma wani abokinsa mai wurin wankin mota ya ce zai ara masa inji na yini guda. Yana so ya san ƙarfin da zai sa, da sabulun da ya dace, da abin da zai kiyaye, don bai taɓa riƙe bindigar injin ba.

Malam, Allah ya sanya alheri a bikin, ya kai mu lokacin lafiya. Na daɗe ina aikin fenti da gyaran bango a garin nan, ina kuma da irin wannan inji ina aiki da shi, don haka abin da zan faɗa maka abu ne da hannuna ya taɓa. Ƙarfin inji ka tambaya, amma ni da bango zan fara, domin gidan da ka kwatanta gida biyu ne a cikin ɗaya. Wani sashe zai ɗauki inji in an bi shi a hankali. Wani sashen kuwa, wato duk inda akwai tubali a ciki, kada bakin bindigar nan ya kalle shi ko da wasa.

Ga dalili. Siminti da laka zaman haƙuri kawai suke yi. Laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta motse in ta bushe, shi kuwa siminti a ƙame yake, ba ya bin ta. Shekara da shekaru ana damina ana rani, sai shafen ya soma rabuwa da tubalin daga ciki, ya bar ɗan fili a tsakani, fuskar kuma ta yi ƙananan tsagu kamar gashi waɗanda ba ka lura da su sai ka matsa kusa. Ruwan sama yana gangarowa ya wuce ta kansu, kaɗan ne ke shiga. Ruwan inji kuwa tura shi ake yi, yana shiga tsagar nan kamar allura, ya cika filin da ke baya, ya jiƙa tubalin. Sa'an nan simintin da aka sa don ya kare bangon shi ne zai hana shi bushewa. A ranar ba za ka ga komai ba, sai bango fes, kowa na yabo. Sai bayan kwana uku ko mako.

An taɓa kirana wani gida a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwanninmu, mako guda bayan an wanke musu katanga da inji. Na tarar da shafe ya zubo, faɗinsa ya kai tabarma, a daidai inda yara ke zaman cin abinci da safe. Allah ya tsare da dare ya faɗo. Na sa yatsa a tubalin da ya bayyana, ya nutse kamar a tuwon da bai huce ba, kan azara guda kuma ya yi baƙi don laima. Kuɗin da aka kashe wajen gyara ya ninka na fentin gidan duka. Tun daga ranar ba na kunna inji a gida sai na zaga bango ina ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Kai ma yi haka, har a sashen bulo. Inda shafe ya kama, ƙarar a dunƙule take fita. Inda ya rabu, za ka ji ta kamar ka buga ƙwarya a kife. Duk inda ka ji haka ka yi masa alama da gawayi, ka kewaye shi.

Balle kuma bangon laka tsantsa, irin na unguwannin Birni da Zango mai zayyana a fuskar zaure, wanda aka yi wa yaɓe da makuba. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, aikinta ta sa ruwan sama ya zame ya wuce, kuma ƴar fata ce siririya a saman yaɓen. Inji zai kankare ta cikin ƙiftawar ido, ya bi zanen ya cinye gefensa. Maginan da suka iya fitar da irin wannan zane da hannu sun yi ƙaranci, abin da ya lalace ba lalle a samu mai mayar da shi yadda yake ba. Irin wannan bango tsintsiya mai laushi ce maganinsa, in ya tsufa kuma a kira magini ya sabunta yaɓe. Katangarku ta baya ma haka za ka yi mata: ka share ta a bushe, ka bi da tsumma mai ɗan danshi in fenti ne a kanta, ka toshe tsagun, a sake shafa mata launi.

To mu dawo sashen bulo. Nan ma kafin ruwa, tsintsiya. Mafi yawan abin da ke bisa bangon Damagaram ba dauɗa ba ce mai kama jiki, ƙura ce. Ta hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laushinta kamar garin alkama, a zaune kawai take bisa fenti. In ka ɗaura burushi a doguwar gora ka bi bangon daga sama zuwa ƙasa, fiye da rabin aikin ya ƙare ba ka zubar da ko kofi guda ba. In kuwa ka fara da ruwa, ƙurar ta zama taɓo, ta gangaro layi-layi, ta shige ƙananan ramukan shafe, musamman shafen nan mai ƙurji-ƙurji da ake watsawa da ɗan injin hannu. A nan ne mutum ke ganin bango bai fita ba, ya matso da bindiga, ya ƙara ƙarfi, ya ɓare fenti. Gidan zanzaro da hanyar gara ma a bushe ake kankare su da ɗan ƙarfe mai faɗi. Ka rufe hanci da baki lokacin sharar.

Yanzu injin. Tambayi abokinka wane iri zai ba ka, domin iri biyu ne. Mutane da yawa suna kiransu duka Kärcher ko da wani kamfani ne ya ƙera, sunan Alfred Kärcher ne, Bajamushen da ya fito da injin wanki mai ruwan zafi da matsi a 1950. Akwai ƙarami mai aiki da lantarki, wanda matsinsa ke tsakanin bar 100 da 150 (bar ma'aunin ƙarfin matsin ruwa ne), yana shan lita 6 zuwa 8 a minti. Akwai babba mai fetur, wanda ke kai bar 200 har ya wuce, yana shan lita 10 zuwa 15 a minti. In injin ta Najeriya ya shigo, wataƙila ka ga an rubuta PSI a jikinsa, wani ma'aunin matsin ne shi ma. Bar ɗaya kusan PSI 14.5 ne, wato PSI 2000 ya kama kusan bar 138. Don ka gane girman abin, ruwan famfo ranar da ya zo da ƙarfinsa bai cika wuce bar 3 ko 4 ba. Ga wanda bai taɓa yi ba, kuma bango mai fenti zai wanke, ƙaramin ya isa har ya yi yawa. In babban kaɗai ke akwai, to abokin naka ya zo da kansa ko ya turo yaronsa da ya saba, kada ya aje maka ya tafi.

Amma lambar da ke jikin inji ba ita ce ke taɓa bango ba. Abin da ke taɓa bango shi ne bakin da ka sa wa bindiga da nisan da ka tsaya. Injinan da ake canza musu baki, launi ne ke bambanta su. Ja yana fitar da ruwa tsinke guda, ba ya buɗewa ko kaɗan, yana iya zana layi a siminti, ya huda taya, ya yanka fata. Cire shi ka sa a aljihu, ba shi da aiki a gidanka. Rawaya yana buɗewa digiri 15, na kankare daɓe ne. Kore digiri 25, fari digiri 40, baƙi kuma na watsa sabulu ne, ba shi da ƙarfi. Kai da fari za ka yi bango, kore kuma ka bar wa daɓen tsakar gida da dakali. In bindigar mai murɗawa ce, murɗa ta har ruwan ya baje kamar mafici. Akwai kuma wani baki mai juyawa yana ƙara kamar ƙudan zuma, masu wankin mota suna son shi don taɓon ƙarƙashin mota. Tsinken ja ne ke zagaye a cikinsa, kada ya taɓa fenti.

Fara gwaji a inda ido ba ya kaiwa, bayan ƙyaure ko lungun da ake jingine kaya. Tsaya da nisan mita guda, ka matsa kunamar bindigar tana kallon ƙasa, sa'an nan ka ɗago ta zuwa bango, domin bugun farko ya fi ƙarfi. Ka riƙa matsowa kaɗan-kaɗan har ka ga ƙura na tafiya, ka tsaya a nan. Kada ka wuce kamu ɗaya na kusanci, wato wajen santimita 40 zuwa 50, a kan fenti. Duba ruwan da ke gangarowa. In launin ƙasa ne, aiki na kyau. In ya fara ɗaukar launin fentin, ja da baya. Akwai gwajin da ya fi wannan sauƙi ma: shafa tafin hannunka a bangon tun yana bushe. In ya fito fari kamar ka taɓa alli, fentin ya riga ya mutu, rana ta cinye shi, ko kuwa farar ƙasa ce aka shafa tun farko. Wannan ko da guga ka wanke sai ya bi ruwa, shawara ita ce ka shirya sabon fenti. Fentin ruwa mai araha shi ya fi saurin yin haka, fentin mai ya fi jurewa amma shi kuma ɓarewa yake yi falle-falle in ruwa ya samu gefensa.

Wajen wankin, riƙe bindiga da hannu biyu, ka karkata ta kaɗan yadda ruwa zai bugi bango a gicciye ya ture dauɗa gefe. Hannu kada ya tsaya wuri guda ko na daƙiƙa biyu. Ka bi kamar mai shara, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, kuma ka yi tafiya da ƙafarka tare da bindigar. Sabon hannu yakan tsaya cak ya riƙa kaɗa bindiga dama da hagu, sai tsakiya ta fi kusa, gefe ya fi nisa, in bango ya bushe ka ga zane kamar baka-baka. Sabulu daga ƙasa ake shafa shi a hau sama, ɗauraya kuma daga sama a sauko. In ka sa sabulu daga sama, yana gangarowa bisa busasshen bango ya bar sawun da ba ya fita. Ɗauki yanki kaɗan, kamar faɗin mita biyu, ka gama da shi kafin ka matsa. Ranar garin nan ba ta jira, minti biyar sabulu ya bushe a bango, don haka ka fara bayan sallar asuba, ka bi inuwa, hantsi na yi ka tsaya.

Kada ka harba ruwa sama ta ƙarƙashin kwano, zai shiga rufi ya jiƙa silin. Kada ka nufi gefen taga ko ƙasan ƙofa, ko tagar nan mai gilashi jere-jere, ruwa zai sami katifa a ciki. Na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, siraran ƙarafunta lanƙwashewa suke yi. Faifan sola kuma tsumma da ruwan guga ne nasa, da sassafe kafin ya ɗauki zafi.

Batun sabulu bai da tsawo. Garin sabulun wanki kaɗan a bokiti da burushi ya ishi bango. Tabo ne kowanne da maganinsa, kuma inji ba ya cikin maganin yawancinsu. Gansakukar da ke yin baƙi-baƙi ƙarƙashin indararo abu ne mai rai, in ka kankare ta da ƙarfi saiwarta na nan, za ta dawo da damina. Ruwan jabel, wato bilic ɗin da ake faranta tufafi da shi, ke kashe ta: kofi ɗaya a kofi uku ko huɗu na ruwa, a shafa da burushi, a bar shi minti 10 ba tare da ya bushe ba, a ɗauraye. Kada ka zuba jabel a cikin inji, yana cin robobin famfonsa. Tsatsar da ta gangaro daga ƙarfen taga kuwa jabel ƙara kama ta yake yi, ruwan lemun tsami ya fi. Baƙin man babur a daɓen zaure, zuba masa toka ko yashi ya kwana, ka share, ka goga da sabulu da ruwan zafi, sa'an nan inji. Tofin goro a gindin katanga burushi da sabulu ne. Farin gishirin nan da ke fitowa a gindin bango kamar kanwa, a bushe ake goge shi, domin laima ce ke hawowa daga ƙasa ta fito da shi, ƙara masa ruwa ƙara masa abinci ne. Abu guda da nake roƙonka da girman Allah: kada ka haɗa jabel da asid ɗin wanke bayi ko na wanke siminti, ko a bokiti ko a bisa daɓe ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙin da ke tashi guba ne mai ƙone huhu, a cikin zaure ko makewayi yana iya kayar da mutum.

Sai ruwa, wanda a wani gari ba za a tsaya dogon magana a kansa ba, amma mu dole ne. Damagaram bisa dutse take zaune, ruwanta daga nesa ake turo shi, daga wurare irin su Gogo da Machaya da Arunguza, kuma ƙarancinsa na cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Yi lissafi tun kafin ka kunna. Ƙaramin inji mai shan lita 7 a minti, rabin awa na matsa kunama ya shanye duro mai lita 200, wato bido takwas masu lita 25. Babban mai fetur ba ya kai minti 20 ya ƙarar da duron. Gaskiya ne inji ya fi sakin tiyo tattalin ruwa, amma tsintsiya ta fi su duka, shi ya sa na dage a kanta. A ganina, a tsakiyar bazara, lokacin da mata da yara ke kwana a layin famfo, bai kamata mutum ya tsaya yana wanke katanga ruwa na gudu a lungu ba, ko da kuɗinsa ya saya wurin ƴan garuwa. Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen damina, da ruwan da aka tara daga indararo. Kai da biki ya sa ka gaba, taƙaita: fuskar gida, zaure, da daɓe. Duro ɗaya zuwa biyu ya kamata su ishe ka in ka yi shara da kyau.

Ruwan duro yana da nasa sharaɗi. Bar shi ya kwana ya kwanta, kada bakin tiyo ya taɓa gindin duron, kuma ka tabbata ƴar matatar da ke mashigar ruwan injin tana nan. Yashi shi ne ajalin famfon inji, ƙwaya kaɗan ta isa ta karce shi. Wasu injinan suna tsotso da kansu, wasu sai ruwa ya zo musu, saboda haka ɗora duron bisa dakali ko bulo ya fi injin tsawo. Kafin ka kunna, buɗe ruwa ka matsa kunama har iska ta gama fita, ruwa ya zo ba tari. Inji in ya yi aiki babu ruwa ko na minti guda, yana iya lalacewa, ga shi kuma na aro. Ka kula da zafin ruwan ma. Yawancin ƙananan injinan ba a yi su don ruwan da ya wuce digiri 40 ba, baƙin tankin da ya wuni a rana bisa soro kuwa yana kai haka. Mai fetur kuma kada a bar shi yana ruri ba a matsa kunama fiye da minti ɗaya ko biyu, ruwan da ke zagaye a cikinsa zafi yake ɗauka. In za ka tsaya, kashe shi.

Ka kuma duba inda ruwan zai bi bayan ya sauka. A lungunanmu katanga na jingine da katanga, kuma ta maƙwabcinka wataƙila laka ce. Lita 200 in ta kwanta a gindin bangon laka ta fi ruwan sama illa, domin wuri guda take taruwa. Ja ɗan rami da fartanya ka nuna wa ruwan hanya, ka gaya wa maƙwabci tun jiya. Ruwan da ke da jabel kada ya je gindin zogale ko lemo, a kuma ɗaure awaki a killace kaji har ƙasa ta shanye.

Yanzu ga abin da ya fi bango muhimmanci, jikinka da na mutanen gida. Ruwan injin nan yana huda fata. Matsi na kusan bar 7 ya isa ya ratsa ta in baki na kusa, kai kuwa kana riƙe da fiye da 100. Na ga wani yaro a wurin wanki ya juya bindiga don ya ɗauraye taɓon ƙafarsa, abin da ya saba yi kullum, ranar kuwa jan baki ne a kai. Ramin bai fi na ƙaya ba, jini ɗigo biyu, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Kafin dare ƙafar ta kumbura har idon sawu, washegari sai da aka yi masa aiki a asibiti aka buɗe wurin aka wanke. Ruwan ya shiga da yashi da sabulu ya bazu a ƙarƙashin fata, abin da ake gani a waje ɗan kaɗan ne daga ɓarnar. In haka ta faru ga wani, Allah ya kiyaye, a tafi asibiti a take, kada a jira kumburi, kuma a gaya wa likita a fili cewa injin matsin ruwa ne ya huda, a yi maganar allurar tetanus. Sa takalmin roba mai rufe ƙafa, ba silifa ba, da dogon wando, da tabarau mai kare ido, domin tsakuwa da ɓawon fenti suna dawowa da gudu. Yara kuwa, ka san yadda suke taruwa in sun ji ƙarar inji. A sa babba guda aikinsa kawai ya tsare su. Duk lokacin da za ka aje bindiga, kashe inji, ka matsa kunama ragowar matsin ya fita, ka sa makullinta.

Kada ka hau tsani da bindiga a hannu. Tana turo mutum baya lokacin da ya matsa, hannu biyu kuma na kanta, ƙasa ga santsin sabulu. Inda hannu bai kai ba a yi da burushin gora, ko a kafa dandamali irin na magina.

Lantarki shi ne ɗayan da ke kisa ba sallama. Zaga ka ga fitilun waje, da soket, da akwatin mita, da wayoyin da aka bi da su ta saman bango. Kashe wutar sashen daga makashinta, ka rufe su da leda ka ɗaure, duk da haka kada ka nufe su. Wayar da ta shigo gida daga turke, ko kusa da ita kada ruwa ya je. Injin lantarkin kansa yana jan wat 1400 zuwa 2100, saboda haka siririyar wayar ƙari ta cajin waya ba ta ɗaukarsa. Nemi mai kauri, murabba'in milimita 2.5, ka warware ta duka, mahaɗar kuma ka ɗaga ta bisa kujera nesa da ruwa. Gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa, kai kuma za ka tsaya cikin ruwa. In allon wutarku ba shi da makashin nan mai yanke wuta da kansa in ta fara zurara, wanda masu gyaran wuta ke kira diferansiyal mai 30 mA, kira mai gyara ya duba kafin ranar. In ka ga fitila ta dusashe inji na gurnani bai tashi ba, wuta ta yi rauni, kashe shi kafin ya ƙone. Ƙaramin janareta na kunna fanka da talabijin ba ya tayar da shi. Mai fetur kuma a fili ake aje shi, kada a shigar da shi zaure ko gareji don gudun rana, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kashewa a rufaffen wuri.

Tun da gidan tsoho ne, abu biyu na ƙarshe. Tsohon fentin mai, irin na ƙofofi da tagogin ƙarfe, yana iya ƙunsar dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara in sun ci ɓawonsa ko ƙurarsa. In yana ɓarewa kada ka watsa shi cikin tsakar gida da inji. Shimfiɗa buhu a ƙasa, a jiƙa shi a kankare da hannu, a tattara a fitar. In kuma akwai rufin nan mai toka-toka mai kama da kwano amma na siminti, irin na tsofaffin gine-gine, kada inji ya taɓa shi sam, domin da yawansu da asbestos aka yi su, wani ma'adini mai zare-zare, zarensa in ya tashi ya shiga huhu ba ya fita.

Ga yadda zan tsara maka kwanakin. Kada wankin ya zama jajibirin biki, ba shi aƙalla kwana goma. Ranar farko ƙwanƙwasa bango da shara da toshe tsagu a sashen bulo, ka ba abin da ka toshe kwana biyu ko uku ya kama, in ka zo wanki kuma ka bi ta kansa da ruwan guga kawai. Inda aka yi sabon shafe mai faɗi, sai ya yi kwana 28 kafin inji ya kusance shi, wato wannan karon ka bar shi. Ranar inji ka fara da bango, ka ƙare da daɓe, kana kora ruwan zuwa ƙofa. In daɓen na jerin duwatsun siminti ne, kada ka nufi tsakaninsu, yashin da ke riƙe da su zai fita su fara rawa. Goge ƙofofin ƙarfe da busasshen tsumma nan take don tsatsa. Daga nan bar bangon kwana biyu ko uku ya sha iska, ka taɓa gindinsa da bayan hannu, in babu sauran sanyi sai mai fenti ya zo ya taɓa inda ya ɓare. Shi kuma magini ka kira shi tun wannan makon ya dubi katangar baya da wuraren da ka yi wa alama da gawayi, tun ba a kafa rumfar baƙi a gindinta ba.